Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NCAA Da Kwamitin Zaɓen Gasar Ƙwallon Kwando Ta Jami'o'in Amurka

Zuwa ga mai girma Charlie Baker, shugaban NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, da mambobi 12 na kwamitin da ke zaɓen ƙungiyoyin gasar ƙasa ta maza, da kuma daraktocin wasanni na manyan jami'o'i.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Bayan gaisuwa, ina rubuto muku wannan takarda ne da bakin magoya bayan ƙananan jami'o'i, mu da muke cika zauren wasa mai cin mutum dubu biyar ko shida a daren hunturu, ko akwai kyamarar talabijin ko babu. Ni ɗan Zariya ne. A filayen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na fara riƙe ƙwallon kwando, a Zariya kuma Masai Ujiri, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, ya tashi kafin ya zo Amurka ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji a Dakota ta Arewa. Aiki ya kawo ni wani ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar nan, kuma yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayen tikitin kaka guda na jami'ar garinmu, kujera uku: tawa da ta 'ya'yana biyu. A cikinmu akwai tsohuwar malamar firamare, akwai makanike, akwai manomin masara da ke tuƙo mota ta awa guda don kallon kowane wasa. Abin da zan faɗa mun daɗe muna tattauna shi tsakaninmu a lokacin hutun rabin wasa, suka ce ni in rubuta.

Kukanmu na farko, kuma shi ne uwar sauran, shi ne ma'aunin da kuke auna mu da shi. Tun kakar 2018 zuwa 2019 kuka ajiye tsohon ma'aunin RPI kuka kawo NET, jerin da ke auna ƙarfin kowace ƙungiya, kuka kasa wasanni aji huɗu. Nasarar aji na ɗaya ita ce zinariya: ka doke ƙungiyar da ke cikin 30 na farko a jerin NET a gidanka, ko cikin 50 na farko a filin da ba na kowa ba, ko cikin 75 na farko a gidanta. A takarda wannan tsari ne mai kyau, domin wanda ya kayar da ƙato ya fi wanda ya kayar da yaro. Amma wa ke raba damar haɗuwa da ƙaton? Jami'ar da ke cikin manyan rukunonin jami'o'i irin su SEC ko Big Ten ko Big 12 tana buga wasa 18 zuwa 20 da 'yan rukuninta, kuma kusan duk mako sai wasan aji na ɗaya ya zo mata har gida ba tare da ta nema ba. In ta buga goma sha biyar irinsu ta ci biyar, sai a ce tana da manyan nasarori biyar. Jami'a irin tamu kuwa, in ta yi sa'a ta samu uku ko huɗu a kaka, kusan dukkansu a gidan wasu, a watan Nuwamba, lokacin da sababbin 'yan wasa ba su gama sanin juna ba. Ranar zaɓe sai a buɗe takardarmu a ce ba mu doke kowa ba. An hana yaro shiga ɗakin jarrabawa, sannan an ce ya faɗi.

Ku tuna da Indiana State a 2024. Ba jami'ata ba ce, amma abin da ya same ta ya taɓa kowane ɗayanmu. Ta ci wasa 28 ta faɗi 6, ta ɗauki kambun rukunin Missouri Valley na kaka, ta shiga jerin 25 na kamfanin dillancin labarai na AP karo na farko tun 1979, zamanin da shahararren ɗan wasa Larry Bird ke buga mata. A ma'auninku na NET tana cikin 30 na farko. Manyan da suka yarda su buga da ita, Alabama da Michigan State, a gidajensu suka karɓe ta, ta kuma sha kashi a duka biyun. Ban ɓoye cewa ta yi tuntuɓe sau biyu a jere a watan Fabrairu ba, kuma Drake ta doke ta a wasan ƙarshe na gasar rukuni, wadda zakaranta ke shiga gasar ƙasa kai tsaye. Amma wace ƙungiya ce ba ta tuntuɓe a kaka mai wata huɗu?

Wannan Lahadin ta zaɓe ta faɗo cikin watan azumi. Muna zaune a falo da azumi a bakinmu, uwargida tana suyar ƙosai a kicin, ɗana na fari, mai shekara goma sha uku a lokacin, ya zana jadawalin gasar a kwali da fensir ya rubuta sunan Indiana State tun kafin a fara sanarwa. Aka kira suna 68 ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama ya ɗauki abin gogewa ya goge sunan, ya juyo ya ce, "Baba, to wasa nawa ake so su ci?" Ban da amsar da zan ba shi, har aka sha ruwa. Kwana biyu bayan haka Virginia, wadda kuka ba gurbi, ta ci maki 14 kacal a rabin farko, Colorado State ta lallasa ta 67 da 42. Ita kuwa Indiana State ta tafi gasar NIT, ta waɗanda ba su samu shiga gasar ƙasa ba, ta kai har wasan ƙarshe, inda Seton Hall ta tsira da ƙyar da maki biyu. Kafin wata ya zagayo kocinta Josh Schertz ya koma Saint Louis, tauraron 'yan wasanta Robbie Avila ya bi shi, ƙungiyar ta watse. Ga manyan jami'o'i rashin gurbi na shekara guda ɓacin rai ne na mako ɗaya. Ga ƙarama, irin wannan ƙungiya sau ɗaya take haɗuwa a shekara ashirin ko arba'in.

A 2025 abin ya ƙara fitowa fili. Cikin gurabe 37 da kwamiti ya raba da hannunsa, ban da na zakarun gasar rukunoni, 33 sun tafi ga manyan rukunoni biyar. Huɗu kawai suka rage wa sauran ƙasar baki ɗaya: Saint Mary's, New Mexico, Utah State da San Diego State. Rukunin SEC shi kaɗai ya shigar da jami'o'i 14 cikin 16 da yake da su, abin da ba a taɓa gani ba. Na yarda SEC ta yi ƙarfi a shekarar, Florida ma ita ta ɗauki kofin. Sai dai idan ƙungiyar da ta faɗi wasa 12 cikin 18 a rukuninta za ta samu gurbi, to me ya rage wa wasannin Janairu da Fabrairu na ma'ana?

Akwai kuma wani lungu a ma'aunin da ba ku taɓa haska mana shi sosai ba. Kun ce NET yana duba wanda aka doke da inda aka doke shi, yana kuma duba yawan makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a kowane riƙon ƙwallo. Cikakken lissafin kuwa yana aljihunku. Abin da muke gani da idonmu shi ne babbar jami'a ta gayyato mai rauni ta yi mata ratar maki 40, manyan 'yan wasanta suna fili har saura minti uku, don lamba ta hau. Ba mu kaɗai muka lura ba: kocin Clemson, Brad Brownell, ya fito a 2024 ya zargi jami'o'in Big 12 da wannan dabara. In 'yan rukuni guda suka hau tare a Disamba, to daga Janairu duk wasan da suka yi da juna ya zama na aji na ɗaya, wanda ya ci ya ƙaru, wanda aka ci bai ragu ba. Kashin dankali ke nan, na sama ya danne na ƙasa.

Jerin AP na san ba naku ba ne, 'yan jarida ne ke kaɗa ƙuri'a, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Zan dai ce suna yana riga aiki shiga wannan jeri. Kansas ce ta ɗaya kafin a fara kakar 2024 zuwa 2025, ta ƙare da fita a zagayen farko a hannun Arkansas, amma lambar da ke gefen sunanta ta riga ta ba ta lokutan talabijin mafi tsada na tsawon watanni.

Kuka na biyu naku ne, daraktocin wasanni, domin ku ne kuke sa hannu a jadawali. Mun san yadda cinikin yake. Ƙaramar jami'a in ba ta da ƙarfi, kuna biyan ta kuɗin da kan kai dala dubu 100 ta zo gidanku a doke ta, ba ramuwar ziyara. In ta yi ƙarfi, wayarta ma ba kwa ɗagawa. Texas Southern ta buɗe kakar 2017 zuwa 2018 da wasa 13 a jere a gidajen wasu, ta faɗi dukkansu, saboda da wannan kuɗin sashen wasanninta ke rayuwa. Yaran nan ɗalibai ne, suna da darasi da jarrabawa, amma Nuwamba da Disamba a filin jirgi da otal suka yi su. Duk da haka suka dawo suka ci gasar rukuninsu, suka shiga gasar ƙasa har suka ci wasa. Kocinmu ya taɓa gaya mana a taron magoya baya cewa a shekarar da muka fi ƙarfi ya tuntuɓi manyan jami'o'i fiye da ashirin yana neman a yi ziyara da ramuwa, ko ɗaya ba ta amsa ba. A shekara goma sha ɗaya da na yi a wannan kujera, sau ɗaya tak na ga ƙungiyar babban rukuni ta taka zaurenmu. A daren nan mutane sun tsaya a layi cikin dusar ƙanƙara tun la'asar, ɗalibai sun yi ihu har muryarsu ta dushe, kuma mun ci su da maki huɗu. Ba su sake dawowa ba, ba kuma wata irinsu da ta sake zuwa.

A da akwai 'yar kafa. Daga 2003 zuwa 2013 tashar ESPN tana haɗa ƙananan jami'o'i masu ƙarfi su kara da juna a watan Fabrairu, kowa ya samu damar nuna kansa gab da zaɓe. Aka daina, ba a kawo madadinsa ba.

Sai kuma wannan ƙaura da kuka yi ta yi daga rukuni zuwa rukuni, wadda kowa ya san kuɗin talabijin na ƙwallon ƙafar Amurka ne ya jawo ta, ƙwallon kwando kuwa an ja shi ne kamar raƙumi da akala. A 2024 rukunin Pac-12, mai tarihin fiye da shekara ɗari, ya tarwatse. UCLA da USC da Oregon da Washington suka koma Big Ten, Stanford da California suka koma ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar tekun Atilantika ne alhali su suna bakin Fasifik. Yau ɗalibi zai tashi daga Los Angeles ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don wasa ɗaya a tsakiyar mako, da bambancin agogo na awa uku. Kocin UCLA, Mick Cronin, ya koka da wannan a bainar jama'a. Tsofaffin abokan hamayya kuma an raba su: Kansas da Missouri, da suka shekara sama da ɗari suna karawa, sai da suka yi kusan shekara goma ba su haɗu ba bayan 2012. Idan manya suka motsa, girgizar har ƙasa take kaiwa, domin kowane rukuni sai ya cike giɓinsa daga na ƙasa da shi. Haka muka rasa maƙwabciyarmu, jami'ar da ke tafiyar minti casa'in daga garinmu, wadda muke cika motoci mu je gidanta kowace shekara. Wanda ya maye gurbinta yana wata jiha da babu wanda zai iya zuwa ya dawo a rana guda.

Ba zan tsallake namu daraktan ba, ko da yake ba zan kama suna ba. Shekara biyu da suka wuce wasiƙa ta iso mana cewa duk mai son riƙe kujerarsa a layukan ƙasa sai ya ƙara da gudummawa ta dole a kan kuɗin tikiti. Ba a kira taro ba, ba a tambayi kowa ba. Tsohuwar malamar da na ambata, wadda ta fi shekara talatin a kujera ɗaya, wadda ta san sunan mahaifiyar kowane ɗan wasa, ta koma can saman bene inda gwiwarta ba ta son hawa. Kujerarta ta ƙasa yanzu ta wani kamfani ce, kuma rabin wasannin babu kowa a kanta. Wasannin Asabar da rana, waɗanda iyaye ke zuwa da yara, an mayar da da yawansu daren Talata ƙarfe takwas saboda masu watsawa ta intanet. 'Yata ƙarama tana barci a kafaɗata kafin a dawo hutun rabin wasa, gobe kuma akwai makaranta. Na san kuna cikin matsi, musamman tun da alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a watan Yunin 2025. Ina murna da yaran nan sun fara cin guminsu, haƙƙinsu ne tun tuni. Amma in za a nemi kuɗin a aljihun mai goyon baya, a ƙalla a zauna da shi a gaya masa gaskiya.

Kuka na uku shi ne wanda ya fi nauyi a baki, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 2025 shugaban kwamitin zaɓe, Bubba Cunningham, shi ne daraktan wasanni na North Carolina, kuma North Carolina ce ƙungiya ta ƙarshe da aka ba gurbi, da nasara 1 da faɗuwa 12 a wasannin aji na ɗaya. West Virginia, mai nasara 6 a wannan ajin, aka bar ta a gida, har gwamnan jihar ya fito ya yi magana. Kun bayyana cewa dokarku ta sa ya fita daga ɗakin duk lokacin da ake maganar jami'arsa, kuma bai kaɗa mata ƙuri'a ba. Ban ƙaryata ku ba, ban kuma zargi mutumin da maguɗi ba. North Carolina ma ta doke San Diego State da rata mai yawa a wasanta na farko. Amma shekara guda kafin nan, ƙarancin nasarar aji na ɗaya shi ne hujjar da aka rufe wa Indiana State ƙofa da ita. Wanne ne ma'aunin, na 2024 ko na 2025? Kuma mutum goma sha ɗaya da suka kwana biyar a otal ɗaya da shugabansu, suna ci tare suna sha tare, ko ya fita ɗaki sun san wanda zai dawo ya zauna a kan teburin. Ko kura ta tuba, mai hankali ba ya ba ta ajiyar nama, don kare mutuncinta ma.

Maganar ba ta alfahari kaɗai ba ce. Kowane wasa da ƙungiya ta buga a gasar yana jawo wa rukuninta kaso na kuɗi da ya kai kimanin dala miliyan 2, ana biya cikin shekara shida. Rukunin da ya shigar da 14 ya tara kusan miliyan 28 tun kafin a jefa ƙwallon farko. Rukunin da aka ba gurbi ɗaya, da kaso ɗaya zai raba wa jami'o'i goma ko goma sha biyu. Da wannan kuɗin babba zai dawo ya ɗauke kocin ƙarami da 'yan wasansa, badi kuma a ce ƙarami ba shi da ƙarfi.

Alhali kuwa ku da kanku kun san abin da ke sayar da gasar nan, har kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka ƙara dala biliyan 8.8 don riƙe ta zuwa 2032. George Mason ce a 2006, da Butler a 2010 da 2011, da VCU da ta taso daga wasan share fage ta kai huɗun ƙarshe a 2011 bayan masana sun ce ba ta cancanci gurbi ba. UMBC ce da ta kayar da Virginia 74 da 54 a 2018. Saint Peter's ce a 2022, 'yar ƙaramar makaranta a Jersey City, da tagwayenta 'yan Mali, Hassan da Fousseyni Drame, da ta fitar da Kentucky ta kai takwas na ƙarshe. A wancan makon 'yan Afirka ta Yamma da ke garinmu, har waɗanda ba su san dokar wasan ba, sun taru a falona suna kallo. Duk shekara hotunan waɗannan yara kuke sakawa a tallar gasar, sannan ku ƙuntata ƙofar da ƙannensu za su shigo ta ciki.

Don haka ga abin da muke roƙo.

Ku wallafa cikakken lissafin NET, yadda duk malamin lissafi zai iya zama da kwamfutarsa ya fitar da lambar da kuka fitar, kuma ku sa iyaka ga amfanin da ratar maki ke yi wa ƙungiya, don a daina wulaƙanta yara saboda lamba. Mun ga kun ƙara ma'aunin WAB a takardun kwamiti tun kakar 2024 zuwa 2025, wanda ke tambayar wasa nawa ƙungiyar da ke bakin gaɓar shiga gasar za ta ci da an ba ta wannan jadawalin. Wannan mataki ne mai kyau, mun yaba. Ku gaya mana a rubuce, kafin a fara kaka, nauyin da yake da shi a kan sauran, kada ma'auni ya riƙa sauyawa bayan an ga sunayen da ke kan tebur.

Ku sa sharaɗi cewa duk jami'ar babban rukuni da ke neman gurbi daga hannun kwamiti sai ta buga aƙalla wasa ɗaya a kaka a gidan jami'ar da ba ta cikin manyan rukunonin. Wasa ɗaya cikin talatin da 'yan kai ba zai karya kowa ba. Ku kuma ware mako guda a Fabrairu da za a haɗa ƙananan ƙungiyoyi masu ƙarfi da tsaka-tsakin manya, a filin da ba na kowa ba.

Kada daraktan da ke kan kujerar wata jami'a mai neman gurbi ya shugabanci kwamitin a shekarar. Akwai tsofaffin kociyoyi da daraktocin da suka yi ritaya da masana lissafin wasan da za su iya aikin. Bayan zaɓe kuma a fitar da yadda kowane mamba ya kaɗa ƙuri'arsa a kan ƙungiyoyi takwas na bakin gaɓa, huɗun da suka shiga da huɗun da aka bari.

Game da faɗaɗa gasar ta haura ƙungiya 68, roƙonmu shi ne duk gurbin da aka ƙara a fara ba da shi ga zakarun kaka na rukunoni waɗanda suka yi tuntuɓe a gasar mako guda ta rukuninsu, kuma a gindaya cewa ƙungiyar da ta faɗi fiye da rabin wasannin rukuninta ba ta da gurbi daga hannun kwamiti. In ba haka ba, ƙarin zai ƙare ne a hannun ta goma sha biyar da ta goma sha shida a SEC da Big Ten.

Ku kuma daraktoci, ku riƙa kiran taron masu tikitin kaka sau ɗaya a shekara kafin ku sauya farashi ko rukuni ko lokacin wasa, ku bar mana aƙalla rabin wasannin gida a ƙarshen mako, ku kuma mayar da tsofaffin da suka haura shekara ashirin da tikiti kujerunsu a tsohon farashi.

Muna sauraron amsarku kafin a fitar da jadawalin kaka mai zuwa. Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai tikitin kaka, a madadin 'yan layinmu.